Kowa Ya Yi Dariya A Majigi Ban Da Ni

Salamu alaikum Malam mai karanta wasiƙu a rediyo, da fatan kana lafiya.

Ni ne Sule mai awon auduga daga Funtua. Ran Asabar motar majigi ta zo filin makaranta. Suka sa wani zane mai motsi na ba'a: ƙaton jarumi mai mayafi a wuya, irin na littattafan zanen Turawa, wai zai tashi sama ya ceci gari. Da ya yunƙura sai tumbinsa ya rinjaye shi, ya faɗa rijiya.

Fili ya kaure da dariya. Maƙwabcina Alhaji Bawa ya ce, "Shirme! Wa ya taɓa ganin mutum ya tashi?" Malam Yohanna na makarantar mishan ya ce ai abin da masu zanen ke nufi ke nan. Suka ce, "Sule, kai fa?" Na ce ban sani ba.

Gaskiya ban ji komai ba. Wanda ya fara nuna mini waɗannan jarumai abokina ne, Emeka tela, haifaffen garin nan. Bara da aka yi tashin hankali, ni na ɗaukar masa keken ɗinki zuwa tashar jirgin ƙasa, ya bar gari. Tun ranar ba wasiƙa, ba labari. Ba na kuka, ba na dariya, tuwo ma haɗiya kawai nake yi.

Masu sauraro, wannan ciwo ne, ko zai wuce? Emeka, in kana ji, ina gaishe ka. Shagonka yana nan, ban bar kowa ya shiga ba.