Gishirin da Na Daina Ci

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Ceto. Ku bar ni in yi magana a zaune, ƙafafun sun gaji.

Ni ce Saratu mai tuwo a bakin iyaka. Tun da kuɗin mai suka zo, manyan motoci ba sa yankewa tsakanin Jibiya da Maraɗi, ni kuma ina gindin murhu tun safe.

Bara aka ce ina da hawan jini, aka ba ni ƙwayar sa fitsari, aka ce in rage gishiri. Ni kuwa ba na abu rabi da rabi. Na daina ci ɗungum, bazara ta zo na yi ta ɗirkar ruwa.

Sai kasala, sai jiri, sai mantuwa. Jikata Rahila ta shigo, na tambaye ta 'yar wa ce. Ɗana Yohanna ya ce gigin tsufa ne, zai mai da ni ƙauye a ajiye ni a ɗaki. Na ji tsoro, 'yan'uwa!

Ana gobe tafiya na durƙusa. “Ubanmu wanda ke cikin sama...” Sauran ya ɓace. Addu'ar da na koya wa 'ya'yana! Na yi kuka, na ce, “Yesu, kai ka san sauran.”

Da safe na yi tuwon sallama. Isuhu, wani direba Musulmi ɗan Maraɗi, ya kai loma ɗaya ya tsaya.

“Inna, mi ya samu miyar ga? Kullum lami. Ke ma haka kike ci?”

Da ya ji na daina cin gishiri ɗungum, ya tsare Yohanna, ya ce a fara kai ni asibitin Katsina, a motarsa.

Likita ya auna jinina, ya ce gishirin jikina ne ya yi ƙasa. Ya ce jikin yaro yakan umarci ƙoda ta riƙe gishiri, ta ji. A jikin tsoho kuwa umarnin ya yi rauni, ga ƙwaya, ga gumi, ga ruwa. Ya canza magani, ya ce in ci gishiri daidai kima.

Har yanzu a gajiye nake, ba zan ƙara gishiri a shaidata ba. Amma ina nan a ɗakina, na san jikata. Na gode wa Ubangiji!

In tsohonku ya rikice, ku yi addu'a, ku kai shi a duba. Ku dogara ga Yesu, ya san sauran.

Rahila, zo ki tashe ni.