Kyanwa da Ɗakin Taman Melati

Ina jiran a ƙunsa mini abinci a shagon mamak, irin gidan abincin nan na Indiyawa Musulmi, kusa da tashar Taman Melati, sai na ji wata ɗaliba riƙe da kwandon kyanwa tana magana da wani dillalin gidaje, kowa da takunkumin fuskarsa.

"Malam, jiya a waya ka ce ɗakin nawa ne."

"Jiya ke nan, Malama. Mai gida ya fasa."

"Saboda kyanwa? Ai biyu na gani a ƙofarsa!"

"Ba kyanwar ba ce. Wa ya aike ki ki gaya masa likitan ƙwaƙwalwa ne ya ce ki riƙe ta? Yanzu tsoro yake kada ki faɗo masa daga bene."

"Tun da korona ta ɗauke mijina, ita kaɗai ke tayar da ni daga gado. Gobe za a fitar da ni daga hostel. Ina zan kwana?"

"Akwai wani gida a unguwar Setapak. Ki ce don ɓera kika ajiye ta, shi ke nan."

"In shiga gidan mutum da ƙarya?"

Ya daɗe yana kallon kwandon.

"Malama, ni ma irin likitan nan nake gani, amma nawa mai gidan har yau ya ɗauka maganin ulsa nake sha."