Ƙofar Kicin Ɗin Mama

Shugaban wannan taro mai alfarma, shugabannin ƙungiyarmu ta masu ɗakin aiki a gida, dattawan maƙera, gwanayen walda, kanikawa da kafintoci, iyaye mata da ke jure ƙararmu, maƙwabta da suka gaji da kai ƙararmu, jama'a manya da ƙanana, ina yi muku sallama ta ban girma.

Ina godiya da aka zaɓe ni in yi bayani kan kayan aikin da mutum zai ƙera da hannunsa. Ina godiya ta musamman ga mahaifiyata, ga ta can a layi na biyu, ta rungume jaka. A cikin jakar nan akwai sabon kwaɗon kulle ɗaki. Ta rantse cewa idan ƙofar kicin ɗinta ba ta koma mazauninta ba kafin faɗuwar ranar yau, ɗakin aikina zai koma sito kamar yadda yake a da.

Ga asalin wannan gagarumin lamari. Wata takwas da suka wuce, ƙusar hinjin ƙofar ta karye. Mama ta ce, "Injiniya, sa mini ko guntun ƙarfe ne." Na ce, "Haba Mama, guntun ƙarfe a gidan da nake? Sai na sassaƙa miki wadda jikoki za su gada." Na cire ƙofar domin awo. Darussan da zan gabatar duk daga wannan tafarki na tsinto su.

Na farko, ƙarfe ba ya sassaƙuwa sai an riƙe shi. Don haka na ƙera mamatsi da tsohon jak ɗin mota da faifan ƙarfe biyu. Ku liƙa wa bakinsa guntun tsohuwar ɗamara ta fata, domin ya riƙe aiki ba tare da ya cije shi ba. Wannan ya ci wata biyu.

Na biyu, mamatsi na bukatar ramuka, ramuka na bukatar injin huji, shi kuma bakin huji na bukatar washi. Sai na ɗaura dutsen washi a kan injin tsohon famfon ruwa. Ku ajiye gwangwanin ruwa kusa, kuna tsoma bakin akai-akai, domin da zarar ya yi shuɗi, ya mutu, sai dai ta'aziyya. Kuma ku sa tabarau. Ido ba shi da shagon kayan gyara.

A nan ne Mama ta leƙo ta ce, "Injiniya, kaji sun fara halartar girki." Na ce, "Mama, bincike ya yi nisa." Ta ce, "Ni ma haƙurina ya yi nisa." Ta rataya labule.

Na uku, ku goga alli a jikin magagari kafin ku fara gurza, ba zai toshe da garin ƙarfe ba. Shi kuwa garin da ya zube, ku jefa maganaɗisun tsohuwar lasifika cikin leda, ku bi ƙasa da ita, sannan ku juya ledar ciki waje. Gari ya tafi, maganaɗisu ya fito fes, tafin ƙafar 'yan gida ya tsira.

Na huɗu, kuma a nan nake roƙon a tausasa zukata. Duk waɗannan kaya suna bukatar teburi mai faɗi, mai nauyi, wanda ba ya rawa. Na duba gabas, na duba yamma, sai na ga abu a jingine, shimfiɗaɗɗe, ba shi da aikin yi. Na ɗora shi kan duro biyu don gwaji kawai. Jama'a, ban taɓa ganin teburi mai biyayya irinsa ba. Na huda shi wuri shida, na ɗaure kayana.

Ga ƙusar nan a hannuna, an gama ta tun wata uku da suka wuce. Ku dubi sheƙi, ku dubi santsi. Ita ba ta da laifi. Abin da za a sa ta a jikinsa ne ya samu ƙarin girma.

Ranka ya daɗe shugaba, jiya da kwamitin shirya taro ya nemi aron teburi mai ƙwari domin manyan baƙi, ban iya cewa a'a ba. In ka ɗaga mayafin da ke gabanka, za ka ga mariƙin ƙofa daidai gwiwarka ta dama. Ina roƙon manyan baƙi, cikin ladabi da ƙanƙan da kai, kowa ya ɗauki kofinsa da takardunsa ya riƙe a cinya. Ina kuma neman majiya ƙarfi huɗu, yanzu ba sai an tashi ba, domin rana ta karkata. Mama, ramukan nan shida kada su dame ki, hayaƙi zai samu mafita.

Allah ya albarkaci wannan taro, ya tsare mana yatsunmu goma-goma, ya ƙara wa iyayenmu haƙuri, ya mai da kowa gidansa lafiya, har da ƙofa.

Na gode ƙwarai.