Kwaɓin da Ake Ƙarasa Mata

A bencin jiran bas, wata tsohuwa ta kalli fulawar da ta bushe a hannun rigar ma'aikaciyar jinyar da ke gefenta.

"'Yata, asibiti kike aiki ko gidan burodi?"

"Asibiti, Mama. Amma burodin shago ba ya shiga bakina. Da asuba nake kwaɓa nawa in rufe, in yi awa goma sha biyu a tsaye, in dawo in gasa."

"Awa goma sha biyu? Ai zai kumbura ya zube, ya yi tsami."

"Ba ya yi. Nakan tarar an danne shi, an mulmula, an sa a gwangwani."

"Allah ya yi wa maigidan naki albarka."

"Ni kaɗai ce, Mama. Makulli ɗaya ne, ga shi."

Tsohuwar ta jawo jakarta kusa. "To wa?"

"Akwai shatin babban yatsa a tsakiya. Haka mahaifiyata take yi. Bara ta rasu."

"Innalillahi! Ki tashi daga gidan nan, yarinya!"

"In tashi? Da gumina na kama shi. Ban gudu daga ɗakin gawa ba, sai daga kicin?"

"Kuma kina ci?"

"Ina ci mana."

Bas ta iso, amma ma'aikaciyar ba ta miƙe ba. Muryarta ta yi ƙasa.

"Sai dai tun makon jiya gida biyu ake raba shi. Ina gasa duka. Kafin in juya in ɗauko wuƙa, saura ɗaya."