Kaza ta tashi, ni ban tashi ba

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Sunana Saratu, daga wani ƙauye a bayan Malumfashi. Ku yi haƙuri in na yi sauri, bakina ya daɗe yana ƙaiƙayi da wannan magana.

Bara da kaka na hau rumbu ɗebo dawa, tsani ya goce, na faɗo a kan kwankwasona. Maigidana ya ce mu tafi asibiti. Na ce sam, can yanke ƙafa suke yi. Na matsa aka ɗauko mai ɗori daga wajen Bakori.

Ya ja ƙafar har na ga duhu, ya ɗaure ta da kara. Sannan ya karya ƙafar wata kazata, ya ɗaure. Ya ce, "Ranar da ta taka, ke ma za ki taka."

Zan faɗi abin kunyata. Ni da nake jan waƙa a zumuntar mata, na bar addu'a na koma gadin kaza. Daga kan tabarma nake leƙenta, ina jefa mata tsaki, ina tambayar kowa ko ta sauke ƙafar. Ta warke, ta yi ƙwai, ta ƙyanƙyashe. Ni kuwa wata biyar sai an ɗaga ni an kai bayan gida. Na yi kuka, na yi faɗa da duk wanda ya matso kusa.

Da na gaji na yarda muka je asibiti a Zariya, likita ya duba hoto ya ce kan ƙashin cinyar ya mutu. Ya nuna mini wani ƙarfe mai tsawon tafin hannu. Ya ce, "Mama, za mu cire mataccen, mu kafa wannan cikin ƙashin, kamar yadda ake kafa ruwan fartanya a ƙota."

Allurar baya suka yi mini, don haka idona biyu. Ba na jin zafi, amma ina jin guduma, kowane bugu yana girgiza ni har haƙora. Tsoro ya kama ni, na ce shi ke nan, ba zan ƙara takawa ba. A nan bakina ya buɗe. Na ce, "Ubangiji, na kunyata ka. Ka gafarta mini, ka riƙe hannun mutumin nan." Suna bugu ina maimaitawa, har zuciyata ta kwanta.

Kwana biyu bayan aikin, nas ta kawo ƙarfen dogarawa ta ce in miƙe. Na ce wasa take yi. Na miƙe, jama'a, na yi taku uku. Yabo ga Ubangiji!

Duk mai ɓoye ciwo don tsoro, ya kai wa Yesu tsoron, ya kai wa likita ciwon. Ku dogara gare shi.

Na so in durƙusa a gabanku in gode masa, amma likita ya hana ni durƙuso da tsuguno. To, a tsaye zan gode. Na gode, Yesu.