Hotunan da suka isa wayar surukina

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, sannu da aiki. Ina gaida masu saurare.

Kayan mota nake saidawa a nan Agadez, ordinateri biyu, wato kwamfuta, gare ni a butik, shagona. Da teknisiyen mai gyara mini su ya ce in sayi antibirus na gaske, mai tsare su daga cuta, dariya na yi, na ce, "Haba, abin da ake samu kyauta?" Sai ga wani na kyauta ya fito a ekaran, fuskar ordinaterin, yana cewa in latsa ya tsare ni. Na latsa. Ashe kura na ba ajiyar nama.

Kafin la'asar an aika hotunan tsiraici da sunana ga duk wanda muke hulɗa da shi, daga direbobin Dirkou har surukina a Tchirozérine, dattijon da yake jan salla a unguwarsu.

Bai kira ni ba. Ɗiyarsa, matata, ya kira, ya ce, "Ki gaya wa maigidanki na gani." Ta yini tana kuka, sai da teknisiyen ya nuna mata cutar da ta shiga ordinaterin, ta gani da idonta, sannan ta yarda ba ni ba ne.

An wanke ordinaterin, amma ni na kasa taka gidansu. An yi suna can, na laɓe da zazzaɓin ƙarya.

Malama, a taimake ni: yaya ake gane antibirus na kirki? Sannan na san Baba, surukin nawa, ba ya barin shirin nan ya wuce shi. Baba, bakina ba zai iya a gabanka ba. Wallahi ba ni na aika ba. Ka yi mini izini in zo gaisuwa.