Feshin Barkonon Rozita

Da hantsi a tashar Johor Bahru da ke iyaka da Singafo, wani dattijo mai jiran motar Singafo ya tsaya sayen shinkafa, riƙe da wata 'yar kwalba. Mai abincin ta ƙura mata ido.

"Baba, wannan ba feshin barkono na kare kai ba ne? A ƙetaren gada, can Singafo, doka ta hana shi. Ƙwacewa za su yi, ƙila har su tsare ka."

"Na 'yata Rozita ne. Ita kaɗai take zaune a can."

"Ita ta ce ka kawo mata?"

"Rabonta da ɗaga wayata shekara biyu ke nan. Na ce in na je da wani abu, ko banza ta leƙo ta karɓa."

"Ka kai mata 'ya'yan itacen rambutan mana."

"Ban san abin da take so yanzu ba."

"To bar shi a nan, in ka dawo ka karɓa."

"In ta saurare ni, ba yau zan dawo ba."

"Allah ya sa ka kwana. Kai ka ma san gidan 'yar taka, Baba. Ni ɗana ko unguwarsa bai gaya mini ba."